Sunan da Tabita Ba Ta Kamawa

Tabita tana tsinke zogale, tana ba akuyarta labarin Nuhu. Kullum da safe haka take yi, ban da Lahadi. Takan zauna a kan kifaffen turmi a tsakar gidanta na Sabon Gari, damin zogale a dama, ƙwarya a hagu, yatsu suna zare ganye daga kara, baki yana gwada labarin da za ta ba yara a ƙarshen mako. Akuyar takan tsaya ne don karan da ake jefa mata, ba ruwanta da Nuhu. Amma Tabita ta ce duk inda akuya ta juya baya a cikin labari, nan ne yara ma za su fara tsunkulin juna, don haka sai ta gajarta wurin.

Zogalen daga Jiratawa yake zuwa, garin da aka haife ta, daga garkar ƙanenta, wani ɗan lambu a bakin gulbi. Ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli da albasa da ɗan tattasai, ta kai bakin gudron, wato titin kwalta, kafin azahar, inda 'yan kabu-kabu suke jingine baburansu a inuwa. Wannan ita ce sana'arta. Abin da take yi ran Lahadi kuwa ba a biyan kowa a kansa. Ita ce malamar ƙananan yara a makarantar Lahadi ta wata 'yar majami'a da ke bayan layinsu, tun gashin kanta yana baƙi wuluk.

Ba wanda ya naɗa ta. Wata Lahadi ce, tana sabuwar zuwa Maraɗi, yara suka cika majami'a da kuka da guje-guje, har mai wa'azi ya tsaya yana duban rufi. Tabita ta tashi, ta kama hannun biyu, ta yafito sauran da ido, ta fita da su gindin itacen bedi. Da ta rasa abin da zai zaunar da su, sai ta fara ba su labarin mutumin da kifi ya haɗiye. Mako ya zagayo, yara suka tsaya a ƙofa suna jiranta. Tun daga ranar ba ta ƙara jin wa'azi ba, don lokacin wa'azi shi ne lokacin yara. Takan jiyo shi dai daga nesa, kamar hadarin da ke zuba a wani gari.

Mahaifinta yana cikin manoman Jiratawa na farko da suka bi addinin Almasihu. A Tibiri ta koyi karatun Hausa, a can kuma aka aurar da ita ga wani kafinta mai suna Dauda, mutum mai ƙarancin magana. Shi ya sassaƙa ƙananan bencinan da yara suke zama a kai har yau, bayan an gina musu ɗaki a gefen majami'a. A shekarar da aka yi rikici, wuta ta ci majami'u a gari, bencinan nan a gidan Fasuma suka kwana watanni, maƙwabciyar Tabita, Musulma, wadda ta jera tukwane a kansu ta ce wa mai tambaya nata ne. Dauda ya rasu bayan haka da ɗan lokaci. Ya bar mata 'ya'ya da gida da bencina da sunansa, wanda ba ta taɓa furtawa ba.

Kowa ya san mace ba ta kama sunan miji, ba ta kama na ɗan fari. 'Yan matan yanzu sun sassauta, wasu har kiran mazansu suke yi ta salula da suna tsirara. Tabita ba ta cikinsu. Addinin gidansu ya sauya musu ranar hutu da irin waƙar da ake yi wa mamaci, amma bai taɓa wannan kunya ba. Ɗanta na fari sunansa Yusufu. Da aka yaye shi, aka kai shi Tibiri wurin kakarsa, can ya girma. Tabita takan ce da shi Ɗan Tsohuwa. Yanzu ƙaton mutum ne mai furfura a gemu, yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Damagaram, gidansa a unguwar Zariya. In ya zo gaishe ta, yakan tsaya daga bakin zaure, ita tana duban ƙwaryarta, su yi magana ta bakin duk yaron da ke kusa.

Da sunayen nan biyu na kasuwa ne kawai, da ba wanda zai lura. Amma Littafin da take koyarwa cike yake da su. Tabita ba ta ga wata wahala a nan ba. Sarkin da ya kashe ƙato da majajjawa, ta sa masa Mai Garaya. Yaron da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya suka sayar, ta sa masa Mai Riga. Yara suka karɓa yadda suka karɓi kifin da ya haɗiye mutum. Suka girma, wasu suka zama malaman lakwal, wato makarantar boko, wasu telolin kasuwa, kowanne ya gano sunan gaskiya a hanya, ya yi dariya shi kaɗai, ya wuce. Ba wanda ya ga dalilin tayar da magana.

Maganar ta tashi ne a Tibiri, a taron yaran majami'u da ake yi bayan an kai amfanin gona gida. Aka jera yara aji-aji, wani baƙon malami yana tambaya, wanda ya sani ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Wane ne 'yan'uwansa suka jefa a rijiya?”

Hannun farko da ya tashi na Salima ne, jikar Tabita, ɗiyar Yusufu, yarinyar da haƙoranta na gaba ba su daɗe da faɗuwa ba.

Ta ce, “Mai Riga.”

Malamin ya yi murmushi, ya ce riga kam yana da ita, amma sunansa ake so. Ya juya ga sauran ajin. Suka haɗa baki suka ce Mai Riga. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya faɗa musu, sunansa Yusufu.

Salima ta girgiza kai, ta kira shi yadda ake kiran malami a lakwal. “A'a, Mushe. Wannan babana ne. Shi kamyo yake ja.”

An yi dariya har matan da ke dafa shinkafa a bayan rumfa suka leƙo. Tabita tana zaune a gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ba don dariyar ba, don sunan da aka kama a gabanta.

Bayan kwana kaɗan Fasto Barnaba ya yi sallama a gidanta. Shi ma a kan bencinan nan ya girma, ita ta sha share masa majina da bakin zane. Ya tsuguna ya gaishe ta, ya tambayi akuya, ya tambayi kasuwa, ya ɗauki reshen zogale yana tsinkewa ba da iyawa ba.

Ta ce, “Ka bar ganyen ga, kana haɗa mini da kara. Faɗi abin da ya kawo ka.”

“Inna, dattawa ne suka yi magana.”

“Dattawa ko matansu?”

“Duka.” Ya yi 'yar dariya. “Ni kaina, Inna, sai da na je makarantar Littafi na san Mai Garaya shina da wani suna. Malam ya tambaya, na ba shi amsa da ƙarfi, aka yi shekara ana kirana Mai Garaya.”

“Ka mutu?”

“Ban mutu ba.”

“To.”

Ya bayyana mata cewa darussan makonnin da ke tafe duk a kan Yusufu suke, daga nan a shiga na Dauda. Ya ce ba wanda zai tilasta mata. Akwai Damaris, yarinyar nan da ke koyarwa a lakwal ɗin firamare. Za ta riƙa zama a gefenta, in an zo kan sunan, Tabita ta yi shiru, Damaris ta faɗa. Tabita ta ce ba laifi, a gwada.

An gwada Lahadi uku. Tabita ta kai inda uba ya ɗinka wa ɗansa riga, ta tsaya, Damaris ta ce Yusufu. Tabita ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi a fuska, ta ci gaba. Ba ta san tana yi ba, kamar yadda mutum bai san yana ƙifta ido ba. Yara kuwa ba abin da ke wuce su. Sun koyi rufe ido a addu'a daga wurinta, sun koyi naɗe hannu daga wurinta. Suka ɗauka wannan ma yana cikin ibada. A mako na biyu 'yan mata suka fara jan ɗankwali. A na uku maza suka shiga.

Sai ga Lahadin da ake shigo da yara cikin majami'a su yi waƙa. Suna jere a gaba, Fasto Barnaba ya buɗe Littafi, ya ce zai karanta wa jama'a abin da yara suke koyo. Yana kama sunan, gaba ɗayansu suka rufe fuska. 'Yan mata da ɗankwali, maza suka ɗage riguna suka lulluɓe kai, cibiyoyi a waje. Ya sake kamawa, suka sake. Wata tsohuwa a layin baya ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Dattawa ba su yi dariya ba, ko kuma sun yi sun gama kafin su zauna. Suka ce ba a raina aikin Tabita ba, ba kuwa za a raina ba. Amma yara ba za su tashi suna jin kunyar sunan da ke cikin Littafi ba. Ko dai malama ta faɗe shi da bakinta, fuska a buɗe, ko ta miƙa ajin ga Damaris, ita ta koma cikin zumuntar mata inda ake bukatar manya. Suka ba ta wa'adi zuwa Lahadi mai zuwa.

Ran Litinin da safe Fasuma ta leƙo ta kan katangar da ta raba gidajensu, inda ƙasa ta zube har ta kai ƙirji.

“Uwar 'yan coci, na ji an ce za a tuɓe ki.”

“Wa ya faɗa miki?”

“Katanga.” Ta ɗora gwiwar hannu a kai. “Ku ma da neman magana. Duk sunayen duniya, Tanko, Ɗan Ladi, Nomau, sai kuka shiga littafi kuka ɗauko.”

“Ke naki ba cikin littafi yake ba?”

Ɗan farin Fasuma sunansa Idrisa, yana sayar da atamfa a babbar kasuwa, ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba.

Ta ce, “Shina ciki mana. Amma ni ba ni karantar da ɗiyan kowa. Ranar da aka yi mini tambaya a gidan likita, mi sunan ɗanki, ƙanwarshi na tura ta faɗa.” Ta dubi Tabita. “Mi za ki yi?”

“Zan faɗa.”

“Ke?”

“Ai ba shi nake kira ba. Wancan na Masar ne, ya mutu tun kafin a haƙa rijiyar Tibiri.”

“To faɗa in ji.”

Tabita ta dubi ƙwarya. Ta zare ganye, ta zare wani. Fasuma ta jira har tukunyarta ta fara ƙauri, ta sauka daga katanga tana cewa Allah ya sawwaƙe.

Duk makon nan akuya ta ji labarin fiye da yadda ta taɓa jin wani. Ta ji mafarkin damman hatsi, ta ji rijiya, ta ji fatake, ta ji kurkuku da shanun Fir'auna masu ƙiba da ramammu. Duk inda sunan ya kamata ya fito, sai a ji gurbi, kamar inda aka cire haƙori. Tabita takan buɗe baki, iska ta fito, harshe ya kwanta. Ta gwada da ido a rufe. Ta gwada fuskarta cikin randa, inda ba mai ji sai ruwa. Zogalen makon nan, in ji 'yan kabu-kabu, gishiri ya yi masa yawa.

Ran Asabar da la'asar Yusufu ya zo da Salima. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, kafaɗarsa jingine da bakin zaure, hularsa a hannu. Ya gaishe da gida gaba ɗaya, gida ya amsa.

Ya ce, “Salima, ce ma kakarki gobe ina da lodi zuwa Damagaram. Da sassafe zan tashi.”

“Baba, ai ka ce ba ka da lodi sai Talata.”

“An sauya. Faɗa mata.”

Yarinyar ta juya ta maimaita, ko da yake tsakanin mutanen biyu bai fi tsawon tabarma uku ba.

“Ce mata kuma, kafin a buga ƙararrawar coci na wuce Gazawa. Abin da aka faɗa a Maraɗi, iska ba ta kai shi can.”

Salima ta faɗa, ta ƙara da tambayar wace iska.

Tabita ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ce ma ubanki na ji.” Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwaɗo a kwano, ta ɗaure da tsumma. “Ce mishi wanga ba gishiri da yawa. Ya ci a hanya, ya bar shayin nan da ba abinci.”

Ya karɓa daga hannun yarinyar. Ya ɗan tsaya kamar akwai saura, sai ya sa hula ya fita. Fasuma, wadda katanga ta gaya wa komai, ta ce ita dai a iya saninta ba a lodi ran Lahadi a tashar da yake aiki, amma mai mota ya fi ta sanin motarsa.

Ran Lahadi Tabita ta riga kowa zuwa. Ta share ɗakin yara, ta yayyafa ruwa, ta jera bencina, ta juya mai ƙusa ta sa shi jikin bango. Yara suka shigo da takalman roba da ƙamshin man shafawa. Damaris ta zauna a gefe da Littafi a cinya. Fasto Barnaba ya bar wa wani dattijo wa'azin ranar, ya shigo ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kan bencin baya, gwiwoyinsa kusa da haɓa.

Darasin ranar shi ne ƙarshen labarin. Tabita ta fara daga yunwa. Ta ce shekara ta zo da ba a ga ko tsiron gero ba, rumbuna suka zama gidan gizo-gizo, 'yan'uwan nan suka ɗaura wa jakuna buhuna babu komai ciki, suka nufi Masar. Ta yi tafiyar jaki da yatsu a kan gwiwa, yara suka yi. Ta yi muryar babban mutum mai rabon hatsi, wanda ya gane su, su ba su gane shi ba. Har nan ba ta bukaci suna ba, ta bi ta gefensa kamar mai kewaye kududdufi. Fasto ya lura.

Sai ta komo gida wurin tsoho Yakubu. Ta rage murya, yara suka matso. Ta ce tun ranar da aka kawo masa riga da jini, tsohon nan bai ƙara kama sunan yaron ba. Ba mantawa ya yi ba. Ya ajiye shi ne kamar yadda manomi ke ajiye iri a ƙuryar rumbu, ana yunwa ba a taɓawa. Yana kiran sauran 'ya'yansa da safe, wane kawo ruwa, wane kora tumaki, sunansu duk ya goge don yawan kira. Guda ɗaya ne bai goge ba.

Wannan ba ya cikin Littafi. Damaris ta duba shafin, ta ɗago, ta rufe shi a hankali.

Tabita ta ce, “Ran nan tsoho shina zaune ƙofar gida, sai ya hango ƙura. Jakuna ne, buhuna cike. Ɗiyanshi suka sauko, suka zube gabanshi. Babbansu ya ce, Baba, mun zo da hatsi, amma akwai abin da ya fi hatsi. Tsoho ya ce, mi ya fi hatsi a shekarar ga? Suka ce, Baba…”

Ta tsaya. Hannunta bai je ga mayafi ba, ta danne hannun da ɗayan a kan cinya. Fuskarta a buɗe take. Daga majami'a ana jiyo muryar dattijo tana hawa tana sauka. Wani yaro ya ja majina. Salima tana duban bakin kakarta.

“Suka ce, Baba, ɗan nan naka shina da rai.”

Ta ƙarasa labarin ba gaggawa. Tsoho ya hau amalanke, ya yi doguwar tafiya, ya ga ɗansa, ya ce yanzu ko mutuwa ta zo ta sami wurin zama. Ba yaron da ya tsunkuli wani. Suka yi waƙar rufewa, suka rufe ido, ta yi musu addu'a, ta kama sunan kowannensu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta saba, har da na mai zazzaɓin da bai zo ba. Sannan ta sallame su su je gindin bedi su jira iyayensu.

Da ɗakin ya yi shiru, ta kwance bakin zanenta, ta ciro mabuɗi, ta sa a tafin Damaris.

“Kwaɗon shina da taurin kai, sai kin ɗaga ƙofar da gwiwa. Bencin can na jikin bango kada ki ba 'yan mata, shina cin zane. In kin ga ɗan gidan tela ya fara lilo da ƙafa, fitsari ne, kada ki jira ya tambaya.”

Damaris ta ce, “Inna, ni ban nemi wanga abu ba.”

“Na sani. Ni ma ban nema ba.”

Fasto Barnaba ya miƙe da ƙyar daga bencin, yana murza gwiwa. Ya ce, “Inna, kalma guda ce. Kuma an ce mini mai sunan ma ba shi gari.”

Ta ce, “Shi ba shi gari. Ni ina gari.”

Ta duba ɗakin sau ɗaya, ta tura wani benci da ƙafa ya daidaita da layi.

“Wa ke wa'azi, tunda kai kana nan?”

Ya faɗa mata sunan dattijon.

“Wancan mai dogon zance? To, zan sami saura ke nan.”

Salima ta leƙo ta taga. “Kaka, gobe wa za ki ba labari?”

“Akuya tana nan.”

Ta gyara mayafi a kafaɗa, ta sa takalmanta da ke bakin ƙofa, ta sunkuya kaɗan saboda gajartar ƙofar, ta fita.